Zaɓen Fannin Ƙwarewa da Matsalar Kuɗin Goro: Ɗaliban Likitanci 'Yan Zangon Suame a Asibitin Koyarwa na Kumasi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga Magazin ta Suame a birnin Kumasi ya san cewa kalmar "bakanike" ba ta isa ta bayyana aikin mutum ba. Akwai mai gyaran inji, akwai mai wayar lantarki, akwai mai walda, akwai mai buga jikin mota, akwai mai fenti. Kowannensu kuma yana da abin da yake faɗa a kan ɗan'uwansa. Haka abin yake a aikin likita. Bayan ɗalibi ya sami digirinsa, akwai ranar da zai tsaya ya zaɓi fanni guda wanda zai ƙware a kai, ya kuma yi sauran rayuwarsa a cikinsa.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ɗaliban likitanci ke kaiwa ga wannan zaɓi, tare da ɗaukar misalin ɗalibi ko ɗaliba da suka tashi a zangon Suame, suke kuma koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Abin da ake son nunawa shi ne, yawancin maganganun da ɗalibi ke ji a kan fannoni kuɗin goro ne, kuma shekarun da yake zagaya sassan asibiti su ne damarsa ta auna abin da ya ji da abin da idonsa ya gani. An rubuta misalan zance da daidaitacciyar Hausa, ko da yake Hausar Kumasi tana da nata kamannu.

2.0 Suame da Asibitin Komfo Anokye

Asalin ma'anar zango ita ce wurin da ayari ke yada kaya ya huta. Fataken goro daga Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin, sannan bayan Turawan Ingila sun shiga Kumasi a 1896, da yawa daga cikin fatake da sojojin Hausawa suka zauna a birnin. Daga nan unguwannin baƙi suka yi ta yaɗuwa, irin su Sabon Zango da Aboabo da Asawase, har zuwa Suame da ke arewacin birnin, a kan hanyar da ta nufi Techiman da Tamale. A bakin mutanen Gana kalmar ta koma "zongo". Mazauna waɗannan unguwanni ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagwamba da Mosawa da Zabarmawa da Fulani da Wangarawa da Yarbawa, amma Hausa ce ke haɗa su, tare da harshen Twi na masu masaukinsu.

Suame ta yi suna ne saboda Magazin, wato matattarar kanikawa da maƙera da masu sayar da kayan gyaran mota, wadda tarihinta ya faro tun shekarun 1930. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne kusan mutum 200,000 ke neman abinci a cikinta. Ke nan yaron da ya tashi a nan ya san tsarin koyon sana'a tun yana ƙarami: a kai ka wurin maigida, ka fara da miƙa sifana da wanke kayan aiki, ka yi shekaru kana kallo kafin a bar ka ka taɓa inji kai kaɗai.

'Yan kilomitoci kaɗan daga Suame, a unguwar Bantama, nan Asibitin Komfo Anokye yake. An gina shi a shekarun 1950, kuma har yau mutanen gari na kiransa "Gee", daga sunan kamfanin Gee, Walker and Slater da ya yi ginin. An raɗa masa sunan Okomfo Anokye, bokan da ya taimaki Osei Tutu wajen kafa daular Asante. A 1975 aka mayar da shi asibitin koyarwa, shekarar da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe makarantar likitancinta. Yana da gadaje kimanin 1,200, kuma ana turo masa marasa lafiya daga yankin Asante da yankunan da ke maƙwabtaka da shi.

3.0 Matakan Karatun Likita

Karatun digirin likita a wannan jami'a shekara 6 ne. A shekara 3 na farko ɗalibi yana harabar jami'a, yana koyon tsarin sassan jiki da yadda suke aiki da yadda cuta ke shiga. A shekara 3 na ƙarshe sai ya koma asibiti. A nan ake raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi makonni a sashe guda, sannan ya matsa zuwa na gaba. Wannan shi ake kira zagayen sassa. Manyan sassan su ne na jinyar manya, da na fiɗa, da na mata da haihuwa, da na yara, da na lafiyar al'umma. Akwai kuma wasu da ake yi wa gajeren zama, kamar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, da na ido, da na kunne da hanci da maƙogwaro, da na allurar barci.

Aikin ɗalibi a kowane sashe kusan iri ɗaya ne. Zai zauna da majinyaci ya tambaye shi tarihin ciwonsa, ya duba jikinsa, ya rubuta abin da ya gano. Da safe, idan babban likita ya fito zagayen duba majinyata, ɗalibin zai tsaya a bakin gado ya gabatar da bayanin a gaban kowa, a yi masa tambayoyi. Wani dare zai kwana a asibiti. A sashen haihuwa zai taya ungozoma karɓar haihuwa, a ɗakin tiyata kuma zai iya yin awa uku a tsaye yana riƙe da ƙarfen da ke buɗe wurin da ake aiki.

Bayan digiri akwai shekara 2 na sanin makamar aiki a ƙarƙashin kulawar hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Daga nan mafi yawa sukan yi aiki na wani lokaci, galibi a asibitocin gundumomi, kafin su zauna jarrabawar shiga horon ƙwarewa. Tun 2003 Gana take da kwalejinta ta horar da ƙwararrun likitoci, mai hedikwata a Akra. Kafin lokacin, mai son ƙwarewa sai dai ya bi ta kwalejojin Afirka ta Yamma, ko ya tafi Ingila ko Amurka ko Jamus, kuma da yawa daga waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Matakin farko na horon yakan ɗauki shekara 3, mataki na sama kuma ƙarin shekara 2 ko fiye. Idan aka haɗa lissafi, daga ranar shiga jami'a zuwa zama babban likita ba a kasa shekara 13 ba.

Abin lura a nan shi ne, ko da yake ba a yin zaɓin a hukumance sai bayan shekaru, yawancin likitoci tun a zagayen sassa zuciyarsu ke karkata. Wato makonni shida ko takwas na iya yanke hukuncin aikin shekara talatin.

4.0 Ma'anar Kuɗin Goro

A Hausa, idan aka ce an yi wa mutane kuɗin goro, ana nufin an haɗa su an yi musu hukunci guda ba tare da bambance wannan da wancan ba. Alal misali, a ce duk ɗan gari kaza marowaci ne, ko duk mai sana'a kaza maƙaryaci ne. Ɗalibin likitanci ɗan zango yakan haɗu da irin wannan hukunci ta fuska uku: abin da ake faɗa a asibiti a kan fannoni, da abin da ake faɗa a gida, da kuma abin da ake faɗa a kan shi kansa.

4.1 Abin da Ake Ji a Asibiti

Babu makarantar likitanci a duniya da ba a tsokanar juna tsakanin fannoni. Ga kaɗan daga abin da aka saba ji, tare da abin da mai lura zai gani:

(a) Likitan fiɗa. Ana ce masa mahauci, mai girman kai, wanda wuƙa kawai ya sani. Amma babban ɓangare na aikinsa yana wajen ɗakin tiyata ne: tantance wanda ya kamata a yi wa aiki da wanda bai kamata ba, da bin lafiyar majinyaci bayan an ɗinke shi.

(b) Likitan ƙashi. Ana ce masa kafinta ko bakanike, mai aiki da ƙarfi ba da tunani ba. Ɗan Suame dai ya san bakanike ba ya aiki sai da lissafi. Ƙashin cinyar da aka ɗora a karkace zai bar mutum da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa.

(c) Likitan jinyar manya. Ana cewa dogon bayani gare shi, ba ya taɓuka komai. Alhali shi ne ke riƙe da masu hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda, cututtukan da ba sa jin wuƙa, sai bibiya ta shekaru.

(d) Likitan yara. Ana cewa wasa da yara ne, aikin mata ne, kuma babu kuɗi a ciki. Amma jariri ba ya faɗin inda ke masa ciwo, kuma ana auna maganinsa ne da nauyin jikinsa, ƙaramin kuskure na iya zama babba. A Kumasi an fara gwajin sikila ga jarirai sabbin haihuwa a 1995, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda likitan yara ne.

(e) Likitan allurar barci. Ana ce masa yaron likitan fiɗa. Gaskiyar magana, shi ne ke tsare numfashin majinyaci da bugun zuciyarsa tun daga farkon aiki har ya farfaɗo, kuma shi ake nema a ɗakin masu matsanancin ciwo.

(f) Likitan binciken cuta. Ana ce masa likitan gawa. Binciken gawa ɓangare ne kawai na aikinsa. Idan aka yanko ƙari daga jikin mai rai, shi zai duba a madubin likita ya faɗi ko daji ne ko ba daji ba, kuma a kan maganarsa ake gina magani.

(g) Likitan ƙwaƙwalwa. Ana ce masa likitan mahaukata, har a ƙara da cewa yau da gobe shi ma zai zama kamarsu.

(h) Likitan iyali da na lafiyar al'umma. Ana cewa fannin wanda ya kasa shiga sauran fannoni ne.

Wanda ya san al'adar Hausawa zai ga wannan ya yi kama da wasan barkwanci, irin na Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa. Tsakanin manyan likitoci biyu, lalle wasa ne, kowa ya faɗa a mayar masa, a yi dariya a wuce. Bambancin yana wajen mai sauraro. A barkwanci tsara ne ke wasa da tsara. A bakin gadon majinyaci kuwa, mai maganar malami ne wanda zai ba da maki a jarrabawa, mai sauraron kuma ɗalibi ne da bai taɓa ganin fannin da ake zagi ba. Abin da malami ya faɗa da wasa, ɗalibi yakan ɗauke shi darasi. Masana harkar koyar da likitanci suna kiran irin wannan "ɓoyayyar manhaja", wato abin da ɗalibi ke koya ba tare da an rubuta shi a jadawalin karatu ba.

4.2 Abin da Ake Ji a Gida

A zango, tun ranar da yaro ya shiga makarantar likitanci sunansa ya koma "Likita". Sau da yawa shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan matsayi, kuma da kuɗin gareji ko na sayar da abinci aka biya masa makaranta. Saboda haka zaɓinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Dubi wannan misali na zance tsakanin ɗalibi da ƙanen mahaifiyarsa:

Kawu: To Likita, an ce ka kusa gamawa. Wane ɓangare za ka kama?

Ɗalibi: Kawu, zuciyata ta fi kwantawa da ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kawu: Subhanallahi! Duk wahalar da mahaifinka ya sha a gareji, a ce ka ƙare a likitan mahaukata? Wa zai ba ka 'yarsa?

Ɗalibi: Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Ka tuna yaron nan na layinmu da aka yi shekara biyu ana kulle shi a ɗaki? Irinsa na gani a asibiti, an ɗora su a kan magani, wasu har sun koma bakin sana'arsu.

Kawu: To, Allah ya yi zaɓi mafi alheri. Amma ka je ka shawarci mahaifiyarka tukuna.

Maganar Kawu tana da tushe a al'ada. Bahaushe yana auna aikin asibiti ne da masu maganin da ya sani tun da can. Wanzami yana kaciya da ƙaho da cire belu, maɗori yana ɗora karaya, ungozoma tana karɓar haihuwa. Duk waɗannan ayyuka ne da ido ke gani, shi ya sa likitan fiɗa da na ƙashi suke da kwarjini. Taɓin hankali da farfaɗiya kuwa an fi danganta su da iskoki ko sammu, don haka ake ganin hurumin malami ne ko boka. Haka kuma akwai batun kunya. Namijin da ya ce zai zama likitan mata yakan sha tambaya, ita kuma mace takan ji ana cewa ai wannan ne fannin da ya dace da ita, ko tana so ko ba ta so, saboda matan unguwa sun fi sakewa da likita mace.

4.3 Abin da Ake Faɗa a kan Ɗalibin Kansa

Kuɗin goro na uku ya fi sauran ciwo, domin a kan mutum yake sauka. Ɗaliba takan shiga ɗakin majinyata da farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya, amma a kira ta "nas", a kira abokin karatunta namiji "dokta". Idan ta nuna sha'awar fiɗa, sai a tambaye ta yaushe za ta yi aure, wa zai riƙe mata yara, tambayar da ba a yi wa namiji. Tarihi dai ya riga ya ba da amsa. Susan Ofori-Atta ta gama karatun likita a Jami'ar Edinburgh a 1947, ta kasance mace ta farko 'yar ƙasar da ta zama likita. Farfesa Afua Hesse ita ce mace ta farko cikin waɗanda suka yi karatun likita a Gana da ta zama ƙwararriya a fiɗar yara, kuma a 2010 ta zama shugabar ƙungiyar mata likitoci ta duniya.

Ɗan zango kuma yana ɗauke da wani tambarin na dabam. A biranen Gana akwai masu kallon zango a matsayin unguwar rigima da rashin karatun boko. Wani zai ce wa ɗalibi, "Ai ba ka yi kama da ɗan zango ba," yana ganin yabo ya yi, alhali ya zagi iyayen yaron da maƙwabtansa.

Akwai kuma batun tafinta. Ana koyarwa da Turanci, yawancin majinyata suna jin Twi, amma idan aka kawo dattijo daga zango ko daga arewa, ɗalibin da ke jin Hausa ake nema. Wannan baiwa ce babba. Shi ne ya san cewa "ciwon ciki" na iya nufin abu goma, cewa "shawara" a bakin majinyaci tana nufin idanu sun yi ɗorawa, cewa matar da ta ce "sanyi" ke damunta wataƙila wani abu take sakayawa saboda kunya, kuma wanda ya ce "zuciyata ta ɓaci" ba ciwon zuciya yake nufi ba. Sai dai idan bai yi hattara ba, zai wayi gari yana yawon fassara daga gado zuwa gado, abokansa suna can suna koyon ɗinki da sa allurar ƙarin ruwa.

5.0 Illar Kuɗin Goro

Wani zai ce ai duk wannan magana ce kawai. Bincike ya nuna ba haka ba ne. A wani nazari da aka buga a Ingila a 2016, an tambayi ɗaliban likitanci 960 game da kushen da suke ji ana yi wa fannoni. Fannin ƙwaƙwalwa da na likitan iyali su ne suka fi shan suka, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban sun ce sun canza fannin da suka yi niyya saboda irin waɗannan maganganu.

A ƙasa mai ƙarancin likitoci, illar ta fi haka girma, domin fannonin da ake kushewa su ne aka fi buƙata. A 2011 likitocin ƙwaƙwalwa 18 ne kacal a Gana, ƙasar da ƙidayar 2010 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 24. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku da aka daɗe da su, wato na Akra da na Pantang da na Ankaful, duk suna kudu ne kusa da gaɓar teku. An yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, adadin likitocin kuma ya ƙaru daga baya, amma doka ba ta duba majinyaci, sai an sami wanda ya yarda ya karanci fannin. Haka nan, wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun aikin tiyata mai inganci a lokacin da suke buƙata. Kwamitin ya sa mizanin ƙwararru 20 ga kowane mutum 100,000, kuma a lissafinsa ya haɗa likitan fiɗa da na haihuwa da na allurar barci wuri guda, domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kumasi tana da misalin abin da ke faruwa idan aka sami masu shiga fannin da bai riga ya yi suna ba. A 2009 aka buɗe sabuwar cibiyar haɗari da gaggawa a Komfo Anokye, aka kuma fara horar da ƙwararrun likitocin gaggawa tare da haɗin gwiwar Jami'ar Mishigan ta Amurka. Rukunin farko ya kammala a 2012. Waɗanda suka shiga a lokacin ba su da magabata a ƙasar da za su nuna wa iyayensu. Yau kuwa, bakaniken da inji ya faɗo wa a ƙafa a Magazin, ko wanda mota ta kaɗe a shataletalen Suame, hannunsu yake fara isa.

Illa ta ƙarshe a kan likitan kansa take. Wanda ya zaɓi fanni don sunansa, ba don aikinsa ba, zai yi shekaru yana tashi da asuba zuwa aikin da ba ya so, kuma majinyata su ne za su fara gane haka.

6.0 Hanyoyin da Ɗalibi Zai Bi

Ba a hana mutane magana, amma akwai dabarun da ke taimaka wa ɗalibi ya tsare hankalinsa.

Na farko, ya shiga kowane sashe kamar a nan zai zauna. Ɗalibin da ya yanke tun farko cewa shi likitan fiɗa ne, ya riƙa gudun sashen yara, ya cuci kansa sau biyu: bai gwada fannin ba, kuma ranar da aka tura shi asibitin gunduma shi kaɗai, yara za a fi kawo masa. Gani ya kori ji.

Na biyu, ya dubi aikin yau da kullum, kada ya tsaya a kan abin burgewa. Kowane fanni yana da ranar da ake tafa masa, yana kuma da aikin da ake maimaitawa sau ɗari. A fiɗa akwai ƙaba da wankin gyambo, a sashen yara akwai zazzaɓin cizon sauro da gudawa, a sashen manya akwai hawan jini. Tambayar da zai yi wa kansa ita ce: wane aiki ne zan iya maimaitawa shekara da shekaru ban gaji da shi ba?

Na uku, ya tambayi mai fanni game da fanninsa. Ba a tambayar mai walda yadda aikin lantarki yake. Likitoci masu neman ƙwarewa sun fi kowa amfani a nan, domin su ne ke cikin wahalar a halin yanzu. Ya tambaye su dare nawa suke kwana a asibiti a wata, shekara nawa horon ke ɗauka, guraben nawa ake buɗewa, wa ke ɗaukar nauyin karatun, kuma a wane gari ake samun aiki bayan an gama.

Na huɗu, ya rarrabe tsakanin ƙarya da gaskiyar da aka ƙara wa gishiri. Gaskiya ne fiɗa da haihuwa suna cin dare. Gaskiya ne wasu fannoni sun fi wasu kawo kuɗi a asibitoci masu zaman kansu, kuma wanda ƙannensa ke jiran kuɗin makaranta ba laifi ba ne ya sa wannan a lissafi. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa wani fanni na maza ne kawai, ko na raggaye ne, ko yana haukata mai yinsa.

Na biyar, ya rubuta abin da ya ji a ransa a ƙarshen kowane sashe, tun bai manta ba. Yana da kyau ya raba son malami da son fanni, domin malami mai kirki na iya sa a so sashen da ba a dace da shi ba, mai faɗa kuma ya sa a tsani wanda aka dace da shi.

Na shida, ya shigo da iyaye cikin maganar tun da wuri, ba ranar cike takarda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayani da misalin wani da suka sani ya fi gardama tasiri, kamar yadda aka gani a zancen Kawu. Idan akwai likita babba ɗan unguwa, ko limamin da ya fahimci lamarin, sa bakinsu yakan sauƙaƙa abubuwa.

Na bakwai, ya san iyakar wasa. Tsokanar fanni abu ne da za a iya yi wa murmushi a wuce. Amma wulaƙanta mutum saboda jinsinsa ko addininsa ko unguwarsu ya wuce wasa, kuma akwai malamai masu kula da ɗalibai da ƙungiyar ɗalibai da za a kai wa kuka. Game da tafinta kuma, ya yi ta da zuciya ɗaya, amma ya nemi a bar shi ya gabatar da majinyacin da ya yi wa fassara, don aikin ya zama karatu a gare shi.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi ɗalibin likitanci daga zangon Suame zuwa ɗakunan majinyata na Komfo Anokye. An ga matakan karatunsa, da irin kuɗin goron da yake ji a asibiti da gida da kuma wanda ake yi masa shi kansa. An kuma ga cewa illar ba ta tsaya a kansa ba, tana kaiwa ga majinyacin da zai zo asibiti ya tarar babu mai duba irin ciwonsa. A Magazin, uban da ya san abin da yake yi ba ya zaɓar wa ɗansa rumfa saboda abin da maƙwabta ke faɗa. Yakan bar shi ya zauna nan, ya zauna can, har a ga inda hannunsa ya faɗa. Zagayen sassan asibiti an tsara shi ne don wannan manufa, kuma ɗalibin da ya yi shi da ido buɗe zai fito da dalilin da zai iya faɗa wa malaminsa, ya kuma faɗa wa kawunsa. Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi.